Taku Ashirin da Uku Daga Darbejiya

Ashafa direban raksha ne, wato keke mai ƙafa uku, a Umdurman, shekararsa hamsin da takwas, kuma duk unguwar an san shi da hali guda: ba ya tafiya sai da lissafi. Daga ƙofar gidansa zuwa masallaci taku ɗari da sha huɗu ne, kowa ya ji wannan har ya gaji. Kakansa ya baro Haɗeja da ƙafa zuwa hajji, ya yi shekara huɗu a hanya, a dawowa ya ya da zango a bakin Nilu, bai ƙara gaba ba.

Shekara goma sha ɗaya a jere, duk bazara, ana bikin kiɗa na kwana uku a filin ƙwallon unguwar. Ba a farawa sai rana ta yi sanyi, don haka da safe baƙi ba su da abin yi. Nan Ashafa ya samu kafa. Yakan ɗebi mutum uku-uku ya kai su tabiya, ganuwar ƙasar da mayaƙan Mahadi suka gina a bakin kogi, ya sa kowa ya leƙa ta kafar bindiga. Daga nan sai ƙofar Abdul Ƙayyum, sai gidan Khalifa, a ƙare a kasuwa wajen masu sassaƙa. Zango huɗu, awa biyu da minti goma, har da shan shayi. Larabci ga 'yan Bahri da Soba, Hausa ga ɗaliban Kano da Maraɗi, waɗanda ke dariyar Hausarsa, shi ma yana dariyar Larabcinsu.

Sai yaƙi ya zo. A wata na biyar matarsa Rahmatu ta rasu. Ciwon sukari gare ta, allurarta ta ƙare kwana goma sha shida kafin nan. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa saboda harbi. Shi da maƙwabcinsa Ɗantani suka ɗora ta a gadon igiya da hantsi, suka binne ta a filin ƙwallo, inda wasu suka riga suka binne nasu. Likkafaninta zanin gado ne mai shuɗin fure. Ashafa ya ƙirga: daga gindin darbejiyar kusurwa, taku ashirin da uku, fuska ga alƙibla. Ya kafa bulo guda, ya gudu garin Shandi.

Wata ashirin ya yi kafin ya dawo. An sare darbejiyar an yi girki da ita, saura kututture. Bulon babu. Ma'aikatan da ke kwashe gawarwaki daga filaye zuwa maƙabarta sun zo sun ɗauke talatin da huɗu, ban da Rahmatu. Sun haƙa masa sau biyu inda ya nuna, ba kowa, suka bar masa lambar waya suka wuce wata unguwa.

A bazarar nan kwamitin unguwa ya yanke a dawo da bikin, ko mutane sa ji kiɗa su yarda gari ya zauna. Suhaila, malamar makarantar da aka ɗora wa aikin, ta same shi a filin da shebur. Ta ce saura kwana tara, kujera ɗari uku za a jera daidai nan, kuma suna so ya dawo da yawonsa na safe, ko da rabin wuraren a kulle suke. Ya ce ya ji. Amma ba za a taka rawa a kan uwar 'ya'yansa ba.

"Ammu Ashafa, ba mu da wani filin," in ji ta, tana kiransa baffa da Larabci. "Sauran biyun ba a gama duba su ba, akwai harsasai a ƙasa."

"To ki ba ni kwana takwas, 'yata."

Kullum bayan asuba yakan tsaya a kututturen, ya ƙirga ashirin da uku, ya haƙa har zafi ya kore shi. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Rami shida cikin kwana shida, tafin hannunsa duk ya saɓule.

Rana ta bakwai Ɗantani ya iso daga Gadarif, da sanda, don ƙafa ɗaya ya dawo da ita. Ya zauna a kan kututturen yana kallon abokinsa na taku, ƙirji a gaba, kamar mai jan baƙi zuwa tabiya. Ya bari sai da ya kai ashirin da uku.

"Kai, uban lissafi. Ranar da muka binne ta, haka ka yi tafiya?"

Ashafa ya juyo.

"Gado ne a kafaɗarka, muna duƙe kamar ɓarayin kaji, harsashi na wucewa ta kanmu. Wane dogon taku ka samu?"

Ashafa ya ajiye shebur. Ya je inda masu kafa dandamali suka tara kaya, ya roƙi buhun yashi, aka ɗora masa a kafaɗa. Ya koma kututturen, ya duƙa, ya fara jan ƙafa, Ɗantani na ƙirga masa da ƙarfi. Ashirin da ukun ta ƙare saura taku takwas ya kai ramukansa. Nan ya fara haƙa, bai yi zurfin gwiwa biyu ba shebur ya ɗago shuɗin fure.

Ma'aikatan sun zo washegari da farar jaka mai lamba. Mutum goma sha ɗaya suka yi mata salla a maƙabarta, ana jiyo masu gwajin lasifika daga nesa. Ashafa ya koma ya cike ramuka bakwai da hannunsa, ya daddaɓe.

Da masu jera kujeru suka kai wajen rami na bakwai, Suhaila ta dube shi. Ya ce a jera, ba kowa a ciki yanzu. Duk da haka ta tsallake kujera huɗu, shi kuma bai hana ta ba.