Jirgin da Ya Sauka a Shika

Shekarun baya, ranar da na fara zuwa sabuwar makarantata a Sabon Gari, abin da na fara lura da shi yatsun wata yarinya ne. Muna tsaye a filin asambuli, wani yaro yana kan dandamali yana karatu da Turanci. Ita kuwa tana layin da ke gefen nawa, leɓɓanta na motsi ba sauti, tana ƙirga wani abu da yatsu a jikin hijabinta. Na ɗauka tasbihi take yi. Har na ce a raina, kai, makarantar nan akwai masu tsoron Allah.

Wadda aka haɗa mu benci, 'yar kudancin Kaduna da ta zama ƙawata daga baya, ita ta warware min.

"Wane tasbihi? Baiti take haɗawa. Duk wanda ya hau karatun Litinin, kafin Magariba ta gama da shi."

Ashe al'ada ce. Ba a shigowa da waya, don haka yarinyar nan a kanta take ajiye baitin. Idan ta koma gida sai ta nemo hoton wata dabba a intanet, ta ɗora layi biyu masu amsa-amo, ta jefa a guruf ɗin aji. Washegari sunanka na yanka ya tafi hutu. Ƙawata ta nuna min wani dogon yaro da kowa ke kira Agwagwa tun yana aji ɗaya. Ta ce har malaman lissafi haka suke kiransa.

Ni kuma ina da abin da nake ɓoyewa, wato Turancina. A gidan kakana na tashi a Samaru. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin gonar gwaji tare da Turawan Ingila, kuma shi ya koya min karatu da tsofaffin jaridu. Yadda yake fitar da kalma haka nake fitarwa, a tsaye, kamar an yi mata guga. 'Yan sabuwar makarantar kuwa a bidiyoyin waya suka koyi nasu, irin na Amurka, mai taunar harshe. Ruwa a bakin kakana "wota" ne, a bakinsu "wara". Har akwai wani hoto da suke yawan turawa, Baturen Ingila da kofin shayi an ƙawata shi da baitin tsiya. Duk lokacin da na gan shi a wayar yayana, wadda na ba da lambarta aka sa a guruf, sai in ji kamar kakana ake nufi.

Saboda haka na kulle bakina. Na yi kusan zango guda ba wanda ya ji jimlata ta Turanci. Sai wata Laraba malamin Turanci ya duba ajin, ya ce, "Ke mai shiru, Litinin ke ce." Ya miƙo min takarda. Labarin ambaliya ne. Na duba, ruwa ta ko'ina.

Na yanke shawarar zama Ba'amurkiya kafin Litinin.

Da yamma in roƙi yayana waya, in shige bayan ɗakin girki, in kunna wata mata tana bayanin yanayi, ina maimaita abin da ta faɗa. Da safe a cikin napep, daga Samaru har mu wuce Palladan, ina murɗa harshe a ƙarƙashin hijabi. Wata rana wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa gwiwata, ta ce, "'Yar nan, haƙori ne? Ki samu kanumfari." Abinci ma ya daina wucewa. Ina kallon tuwo ina tunanin wace dabba ce ta yi kama da ni.

Ranar Asabar kakana ya kama ni.

"Amarya, mura kike yi?"

"A'a, Kaka."

"To wa ya cusa miki ɗanwake mai zafi a baki? Ko kin yi sabon miji ne kika bar Turancin tsohon?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na gudu. Ban iya gaya masa cewa muryarsa nake ƙoƙarin gogewa daga bakina ba.

Litinin ta zo. Abin da na fi tunawa shi ne makirfon ɗin, an naɗe wuyansa da baƙin salatif, yana warin yawun mutane. Na fara. Sakin layi na farko ya tafi lafiya, "wara" na fita kamar an haife ni a can. Na ɗaga ido sau ɗaya, na ga yatsun yarinyar nan a kwance, ba motsi. Daɗi ya kama ni. Shi ne kuskurena, domin ina mayar da ido na rasa layin da nake. Tsoro ya taso, kuma tsoro bai san Amurka ba. Muryar kakana ce ta fito, garau, da gugarta. Na yi ƙoƙarin komawa, na koma rabi, na sake zamewa. A jimla ɗaya na kira ruwa iri biyu. Da na sauko, yatsun nan suna gudu kamar na mai ƙirgar kuɗin kasuwa.

Ban san abin da aka koyar ranar ba. Ƙawata ta tura min rabin biredinta, ta ce, "Ki ci. Ko me ta ba ki, ai bai kai Agwagwa ba."

Yayana bai dawo daga shago ba sai gab da Magariba. Tun daga zaure na ji dariyarsa. Ya miƙo min wayar. Hoton kaza ce a kan rufin napep, fukafukai a buɗe, an rubuta:

Ta tashi London za ta Amurka,
Mai ya ƙare, ta sauka a Shika.

Shikan nan wani ƙauye ne nan kusa da Samarunmu. Kakana yana alwala, ya ce a karanta masa. Yayana ya karanta. Tsohon nan ya yi dariya har butarsa ta kife. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Yarinyar nan tana da kunne. Amma ta yi kuskure ɗaya. Ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, balle London." Sai ya dube ni. "Ashe tafiyar da kike shiri ke nan a bayan ɗakin girki."

Wannan ya fi kazar zafi.

Sunan ya bi ni, ba zan ɓoye muku ba. Yau ina ajin ƙarshe, kuma idan kuka shiga makarantarmu kuka tambayi Shika, kowa zai nuna muku bencina. Amma na sha juya baitin nan a raina, na ga cewa abin da na kwana ina tsoro bai faru ba. Ba Turancin kakana yarinyar nan ta yi wa dariya ba. Gudun da na yi daga gare shi ta kama.

Washegarin ranar da baitin ya fito, lokacin tara, na same ta a gindin dalbejiya tana cin gyaɗa da ƙawayenta. Ta ɗago ta ce, "A'a, Shika! An samu mai?"

Aka fashe da dariya. Na jira suka gama, domin muryata ba ta iya ƙetare hayaniya.

Na ce, "Na roƙi malam ya sake sa ni karatu. Idan na hau, ki yi min wani baitin. Amma don Allah ki gyara farkon. Ba daga London na tashi ba, daga Samaru ne."