Hannun Kawu Yero

Nu'uman dai ba ka isa ka ce ga sana'arsa ba. Ya yi cajin waya a bakin tashar Birnin Gwari kusa da shagona, ya yi tura waƙoƙi, ya ɗan taɓa hoton biki. Bara sai ga shi daga Kaduna, wai an koya masu tallan kaya a intanet. Na ce, "Kai Nu'uman, wace irin sana'a ce wannan, ba rumfa ba mudu?" Ya ce in zuba ido.

Malamarsu ta ce mai saye ba ya yarda sai ya ga fuska, ya ga yawan kaya, ya san gari. Da wannan karatun ya hau babur zuwa Kusasu wurin kawunsa Yero, wanda masara ta yi wa kyau amma dillalai suke taya ta a wulaƙance.

Yana ɗaga waya Kawu ya kare fuska da hula. "Kul! Ka ɗauke ni mutanen daji su gani? Su ma fa suna da wayar nan." Nu'uman ya juya wajen rumbu, aka ce a'a. Buhuna, a'a. Sunan gari kuwa ko da wasa.

"To Kawu, me zan nuna?"

"Kai da ka yi karatun kake tambayata?"

Wallahi da yake ba ni labari sai da ya ba ni tausayi. Ya kira malamar, ta ce gaskiya wannan ba ya cikin darasi. A ƙarshe tafin hannun Kawu kawai ya ɗauka, cike da masara fara tas, ya sa lambar wayarsa, ya ɗora bidiyon a intanet.

Washegari muna zaune a shagona saƙon murya ya shigo wa Nu'uman daga baƙuwar lamba. Namiji ne, a natse: "Wannan ai hannun Yero ne na Kusasu, ga yatsan da injin casa ya ci. Ashe bana an samu. Buhu nawa ne?"

Muka yi ta saurare. Na ce ɗan kasuwa ne. Can na ce kai, ban sani ba. Nu'uman ya goge bidiyon, ashe tuni ya zaga wayoyin mutane.

Bai amsa saƙon ba, ya koma Kusasu ya kunna wa mai hannun. Kawu ya daɗe yana kallon guntun yatsansa, sannan ya ce, "To ɗan nan, awo zan fara, ko ɗaure kayan gudu?"