Kamun da Ladi Take Ɓoyewa a Ƙasan Labule

Shekara tara ke nan da muka binne ƙanwata Ladi, kuma kunya ba za ta hana ni faɗin gaskiya ba: har yau ina kishinta.

Shago ɗaya muka riƙe a unguwar Kabong, muna ɗinkin labule da rigunan kujera. Ni na koya mata riƙon almakashi. Amma in aka zo kintata yadin da falo zai ci, sai na ɗauko tef da biro, na auna taga sau biyu, na yi ta fama da lissafin tattara. Ita kuwa daga bakin ƙofa za ta karkata kai ta ce, "Yadi goma sha ɗaya, a ƙara kamu a kowane falle." Kuma ya isa cif. Mata su shigo shago, ga ni zaune ƙatuwa da ni, su ce, "Ina Ladi? Ita ce ta san aiki." Sai in yi murmushin yaƙe.

Wannan kamun, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, shi ne abin faɗanmu. Naɗe shi take yi cikin kalmasar ƙasan labule, inda ba mai gani. Na ce ɓarna ce. Ta ce, "Yaya, mutanen nan haya suke yi. Gobe za su tashi, tagar can ba irin ta nan ba ce."

Da za ta ga labulen kanti da suka cika kasuwar Terminus yanzu, duk tsayi ɗaya, ƙasansu ko ɗan yatsa ba a bari ba, na san tsakin da za ta ja. Abin haushin, ni ma da na taya ta.

Watan jiya Naomi, 'yar Ladi, ta tare a gidan mijinta a Anguwan Rukuba, gida mai dogayen tagogi, dangin miji kuma za su zo ganin ɗaki ranar Asabar. Na ce wannan karon za a san wace ce babba. Na auna, na sayo daidai lissafina, ban ƙara ko taƙi ba. Da na wanke yadin kafin ɗinki sai ya tsuke. Na rataya, labule ya tsaya a sama kamar wandon aro. Na koma wurin mai yadi ranar Juma'a, ya ce, "Madam, irinsa ya ƙare kaf."

Naomi ta shiga ɗaki. Ta buɗe akwati, ta fito da tsofaffin labulen falon uwarta. Na ce sun yi gajere. Ta ce, "Mama Babba, ki duba ƙasan."

Na sa reza na farke kalmasar. Kamun ya sauko, launinsa sabo fil, ya taɓa ƙasa cif. Na zauna a kan tabarma na yi kuka, rabi na kewa, rabi na baƙin ciki tsagwaronsa: mace tana kabari shekara tara, ta sake kayar da ni.

Ranar Asabar uwar mijin ta shafa labulen ta tambayi wa ya ɗinka. Naomi, don ta rufa mini asiri, ta nuna ni. Na so in yi shiru, Allah ya sani na so. Sai na ji bakina ya ce, "Ladi ce."

Ladi ba ta bar wa kowa gida ba, ba ta bar fili ba. Abin da ta bari yana naɗe a ƙasan labulen mutane, daga Kabong har inda haya ta kai su, yana jiran ranar da za a buƙace shi. Nawa kuwa, waɗanda na auna da tef sau biyu, suna ninke a shago, har yau ban sami tagar da suka isa ba.