Shingen Bagaruwa

Ni ɗiyar 'yan kasuwa ce. A shagon ubanmu na Diffa na girma, tsakanin buhunan sukari da kwalayen sabulu, ban san tattasai ba sai a miya. Aure ne ya kai ni wani gari kusa da Chétimari, gidan Barebari manoma, inda na tarar ana yi wa tattasai hidimar da ko jariri bai samu.

A shekarar da nake magana, gwamnati ta kawo shirin kare gaɓar kogi, wanda kowa ke kira furoje. An ba ƙungiyar manoman garinmu injin ban-ruwa da sharaɗi guda: a dasa bagaruwa a jere a bakin ruwa, a kewaye ta da ƙaya, don kogin Komadugu ya daina cin ƙasa. In aka bar kafa a shingen, za a ɗauke inji a kai wani gari. Maigidana ne shugaban ƙungiya. Da inji ya zo kowa ya faɗaɗa gonarsa, aka tumɓuke jigon ɗiban ruwa aka yi makamashi da shi. Namu ma ni na ƙona shi, ina murna.

Sai dai a ƙarshen gonar surukina akwai wata 'yar hanya da shanu ke gangarawa ruwa. Ba burtalin hukuma ba ce. Tsohon ne ya bar ta tun yana saurayi saboda wani Bafillace abokinsa, wanda ke saukowa kwari duk shekara in tafkuna sun ƙafe. Barebari da Fulani abokan wasa ne, kuma waɗannan biyun ba su da gaisuwa sai zagi. "Ga bawana ya dawo," in ji tsoho. "Au, har yanzu ba ka mutu ba?" in ji wancan. Lokacin dashe tsoho ya ce a bar wa shanu hanyarsu. Maigida ya ce za su samu wata. Aka rufe.

Tattasai na fure aka aiko cewa ma'aikacin gandun daji zai zo duba shinge a makon. Ina kai abincin rana gona na ji kukan shanu, irin wanda ba ya yankewa. Ashe sun bi gaɓa sama da ƙasa, ko'ina gonaki ne da ƙaya, tun jiya ba su sha ba. Suna jin warin ruwa suna tura shinge da ƙirji. Samarin ƙungiya sun bar aiki sun jeru da fartanyu. A ɗaya gefen 'ya'yan Bafillacen na tsaye, sanduna sun sauko daga kafaɗa zuwa hannu.

Bafillacen ya ratso ya zo gaban surukina. Ya cire takalmi, ya rusuna.

"Barka da rana, Malam. Ya iyali? Ya aiki?"

Tunda na zo gidan ban taɓa jin ya gaida tsoho da ladabi ba. Mutumin da ya ajiye wasa ya ɗauki ladabi a wuri irin wannan, ya gama shirin abin da zai biyo baya ke nan.

Maigida ya matso. "Baba, in saniya ɗaya ta taka nan, inji ya tafi. Ba namu kaɗai ba ne, na gari ne."

"Na ji," in ji tsoho.

"Kuma jigo babu, Baba. Da me za mu ba wannan gona ruwa?"

Tsoho ya juyo wajena, ni da kunya ba ta bari mu haɗa ido ba. "Ɗiyata, sauke tuwon nan ki ba ni baho."

Na so in ƙi, wallahi na so. Amma na miƙa. Ya durƙusa yana tonon bagaruwar ɗaya bayan ɗaya da ƙasarta, yana jerawa a bahona a hankali kamar ƙwai. Ba saurayin da zai ɗaga wa tsoho hannu, sai suka tsaya suna huci. Ya ja ƙaya gefe har tafinsa ya yi jini. Shanu suka kwararo, na ji ƙasa na girgiza a ƙafata.

"To bawa, wuce," in ji tsoho. "Ka cika mini gona da warin nono."

Ba wanda ya yi dariya, amma sanduna sun koma kafaɗa.

Shanu ba sau ɗaya suke sha ba, don haka kafar ba ta rufu ba. Ma'aikacin ya zo ya daɗe yana kallon sawun kofato da gaɓar da ta fara zabgewa. Ba mugu ba ne. Ya ce zai nemi a yanka mashaya baɗi, amma sharaɗin bana ba shi ya sa ba. Aka ɗora inji a mota muna kallo. Daga ranar matan gari suka daina amsa gaisuwata a rijiya, maigida kuma ya daina zaman hira da ubansa. Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, kuma ko yau in na tuna furen da ya zube raina na ɓaci.

Da ganye ya fara laushi maigida ya saro itace ya soma kafa sabon jigo shi kaɗai. Ya ɗaga, jigon ya faɗi, ya sake ɗagawa. Tsoho ya taso da hannunsa ɗaure da tsumma ya riƙe masa gindin. Suka yi ta aiki har rana ta take.

Na kawo musu ruwa a ƙwarya, na durƙusa na ba tsoho, tunda shi ne babba. Leɓɓansa sun bushe har sun tsage. Ya karɓa ya duba ruwan, bai sha ba, ya miƙa wa ɗansa.