Fatar Malama Rifkatu

Har yau ban manta da ranar da na kusa tura mace ɗakin tiyata da amsar da ba gaskiya ba a fayil ɗinta. Lokacin ni ce sista mai kula da ɗakin mata a wani asibiti a nan Kafanchan, saura shekara biyu in yi ritaya. Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, kafin a yi wa mutum tiyata nas ce ke zama da shi ta cika takarda. Za ta auna hawan jininsa, ta tambayi ciwon da ya taɓa yi da duk maganin da yake amfani da shi. Da wannan takarda likita da mai allurar barci suke aiki.

Matar sunanta Malama Rifkatu, malamar firamare ce daga Nok. Ƙari ne a mahaifarta, yana sa ta zubar jini, aka sa mata ranar Alhamis. Ta zo ranar Talata tare da mijinta, Malam Yohanna, manomin citta, mutum marar yawan magana.

Da na naɗe hannun rigarta don awo, sai na ga fatar ta yi siriri har jijiyoyi sun fito fili, ga nankarwa masu faɗi a damtse. Fara ce tas, amma gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe. Na sha ganin irin wannan, kuma gaskiya ba na raga wa masu shi. A gaban mijinta da sauran matan ɗakin na ce, "Malama, kina bilicin ne?"

Ta ce, "A'a, Sista. Haka Allah ya yi ni."

Na rubuta "babu", na wuce gado na gaba ina jin haushi.

Washegari da safe na zo cire filastar da aka manna mata inda aka ɗebi jini. Na ja a hankali, amma sai filastar ta taho da fata. Ba ta yi kuka ba, ta dai rufe ido. Nan na tambayi kaina, fatar da filasta ta yaga, yaya za ta riƙe ɗinki?

Na kai ta ɗakin wankin ciwo, na rufe ƙofa. Ni ma 'yar ƙabilar Jaba ce kamar ita, don haka na bar Hausa na koma yarenmu. Na ce mata jiya na yi kuskure, ta yafe mini. Sai ta buɗe jakarta ta ciro wata roba marar suna, cike da mai mai kauri.

Ta ce tun cikin ɗanta na biyu wasu baƙaƙen tabo suka fito mata a kumatu. Yara a aji suna tambayarta ko ƙonewa ta yi. Wata mai shagon kayan shafa ta haɗa mata wannan, tabon ya ɓace cikin makonni. Sai fuska ta fi wuya haske, aka ce ta shafa a wuya, daga nan hannu, daga nan jiki duka.

"Sau uku ina dainawa, Sista," in ji ta. "Kwana huɗu sai fuskata ta yi ja, tana zafi kamar an zuba barkono, ta yi baƙi fiye da da. Sai in koma. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba kyau nake nema ba. Fita na kasa yi."

Ta goge hodar fuskarta da auduga. A ƙarƙashi, kumatun sun yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi.

Na ɗauki robar na kai wa likitan da zai yi aikin, na ce amsar da na rubuta jiya ba daidai ba ce. Bai yi mini faɗa ba. Ya zo da kansa, ya ja kujera, ya yi mata bayanin da ni ma na ƙaru da shi.

Ya ce a ƙasan fatar kowane mutum akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne yin launi, su raba wa na sama don ya kare su daga rana. Irin wannan haɗin galibi akwai sinadari biyu a ciki. Na farko yana hana ƙwayoyin nan yin launin, in aka daɗe ya raunata su ko ya kashe wasu, wani lokaci kuma ya bar baƙin da ya zauna can cikin fata, irin na kumatunta. Na biyu, wanda muke kira sitiroyid, yana rage aikin ƙwayoyin da ke saƙa naman fata, shi ya sa take yagewa kuma ciwo ba ya saurin warkewa. Yana kuma ratsawa cikin jini, har jiki ya rage yin nasa irin sinadarin. In aka yi tiyata ba a san da haka ba, awon jinin mutum na iya faɗuwa ƙasa sosai yana kan teburin tiyata.

Ya ɗage aikin. Ya ba ta maganin rage zubar jini da na ƙarin jini, ya tsara mata yadda za a janye sitiroyid ɗin kaɗan-kaɗan, domin yanke shi farat ɗaya ma haɗari ne.

Ta tambaye shi, "Baƙin kumatun zai tafi?"

Ya ce, "Zai iya raguwa. Ba zan yi miki alkawarin zai tafi duka ba."

Abin da ya fi tsorata ta shi ne gaya wa mijinta. Ta roƙe ni in tsaya a wurin. Malam Yohanna ya saurara har ta gama, yana juya hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Maman Dauda, na daɗe da sanin robar nan. Na ɗauka kina jin daɗinta ne, shi ya sa ban yi magana ba. Ai baƙa na gan ki na aura."

Watannin da suka biyo baya ba su yi mata sauƙi ba. Duk bayan mako biyu takan hau mashin daga ƙauye, ta shiga bas zuwa wurinmu. Fuskarta ta yi dabbare-dabbare. Ta gaya mini Lahadi uku ba ta je sujada a coci ba, sai da matan zumuntar cocin suka biyo ta gida suka tafi da ita. Bayan girbin citta aka yi aikin, da shirin da ya dace. Ɗinkin ya fi na kowa daɗewa a ɗakin, amma ya kama. Baƙin kumatunta bai tafi duka ba. Ta koma aji da shi.

Daga lokacin na canja yadda nake cika takardar nan, na kuma koya wa nas-nas ɗin da ke ƙarƙashina. Ba a gaban miji ba, ba a gaban maƙwabciyar gado ba. A ja labule, a zauna, a ce, "Me kike shafawa a jiki? Muna tambayar kowa ne, don yana shafar aikin." Mata da yawa da na tabbata a tsohuwar hanyar da sun musa, yanzu sun ciro robarsu daga jaka.

Ku da kuke fara aikin jinya yanzu, za ku ga fata irin wannan da yawa. Idonku zai gane ta tun daga bakin ƙofa. Amma yadda aka fara, da sau nawa aka yi ƙoƙarin dainawa, sai mai ita ta faɗa, kuma ba za ta faɗa wa wanda ya riga ya yanke mata hukunci ba.