Kowa Shi Kwanta: Jinjina ga Malam Ya'ƙub na Aliero

Da hantsi, idan ka biyo titin Jega ka shigo Aliero, za ka gan shi a bakin rumfarsa, ya baje sufanu a kan buhu, ya girke injin ban-ruwa tsakanin ƙafafunsa yana sauraron tarinsa. Malam Ya'ƙub ke nan, bakaniken injinan manoman albasa. Ba ya hira yana aiki. Sai ya goge fulogi, ya hura, ya ja igiya inji ya tashi, sannan ya ɗago ya amsa gaisuwarka. Kafin azahar kuwa ba a rasa ɗan kabu-kabun da zai wuce ya kwarma masa ihu: "Kowa shi kwanta!" 'Yan teburin shayi su bushe da dariya. Shi ko ɗagowa ba ya yi.

Ni na san tushen wannan ihu, domin na daɗe ina riƙe da gidan kallo a Jega, kuma finafinan fashin banki na kalle su har sun fita raina. Wallahi yawancinsu abin kunya ne. Ɗan fashi ya shigo da baƙin tabarau yana taunar cingam, yana rangaji sai ka ce ango. Bindigar katako fenti bai gama bushewa ba. A harbi mai gadi, sai ya duba inda ba datti sannan ya faɗi, kada rigar aro ta ɓaci. Su kuma waɗanda aka ce su kwanta, kana ganin kafaɗunsu na rawa don dariya. Yara su fito daga kallo suna kwaikwayon tafiyar ɗan fashin, don ya burge su.

To, a haka ne wani matashin darakta mai suna Waliyyu ya tashi yin nasa. Sunan fim ɗin ba zan faɗa ba, ba talla nake yi musu ba. Ya sami wani tsohon shagon taki a Maiyama ya shafe shi da fenti ya zama banki. Jarumin da zai fito a ɗan sanda an ɗauko shi daga nesa. Shugaban 'yan fashi ne aka rasa, duk wanda aka tuntuɓa sai ya ce shi ɗan mutunci ne. Malam Ya'ƙub, wanda tun yana saurayi yake wasan daɓe a ƙungiyar garinsu, shi ya ce a ba shi, zai yi.

Ramatu, wadda ta fito a ma'aikaciyar banki, ita ta ba ni labarin ranar. Ta ce an miƙa masa tabarau ya ajiye. Aka ce ya shigo yana ƙyaƙyata dariya, ya dubi darakta ya ce, "Waliyyu, ka taɓa ganin ɓarawo yana dariya wurin sata? Duk ɗakin nan ba wanda ya kai shi tsoro. Bar ni in yi shi yadda yake."

Da aka kunna kyamara ya shigo gumi na zuba, bindiga a hannunsa, idonsa na komawa ƙofa. Bai yi tsawa ba. Murya ƙasa-ƙasa, a shaƙe, ya ce, "Kowa shi kwanta." Ramatu ta rantse mini cewa ta san bindigar ta katako ce, da idonta ta ga kafinta ya kawo ta, amma sai ta tsinci kanta a ƙasa tana salati. Babu wanda ya yi dariya a ɗakin nan. Da aka gama, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su, yana ba su haƙuri.

Rigima ta biyu a kan mutuwarsa aka yi ta. Waliyyu yana so ɗan fashin ya mutu a tsaye, yana harbi yana kirari. Malam Ya'ƙub ya ƙi. "Ɗiyan mutane ka kallon abin ga," in ji shi. "In na mutu awa jarumi, gobe wani yaro shi yi sha'awa. Ku jefa ni lambatu." Haka aka yi. A cikin kwatar ban-ruwa ta wata fadama ya mutu, fuska duk laka, yana kiran uwarsa, yana roƙon a taimake shi. Na haska fim ɗin nan ba adadi, ban taɓa ganin yaro ya fita yana kwaikwayon wannan ɗan fashi ba. Shiru suke fita.

To, me ya samu? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jarumin da ko bindiga bai iya riƙewa ba, hotonsa aka manna a motoci, aka yi ta kiransa biki. Malam Ya'ƙub kuwa ya dawo rumfarsa ya tarar an sauya masa suna. Ya'ƙub Kwanta.

Da farko wasa ne. Daga baya sai manoman da suka shekara da shekaru suna barin injinsu a wurinsa suka fara zama a kan benci har ya gama, su ɗauke abinsu. Wani daga Andarai ya faɗa a gabana, ko kunya babu: "Ni ban barin injina shi kwana hannun wanga mutum. Wanda bai taɓa yi ba, ba shi iya yi hakanan." Ka ji fa! Iyawarsa ita ce shaidar laifinsa. Ranar da ya shiga wani banki na gaske a Jega, mai gadi ya gane fuskar, ya fitar da shi daga layi ya lalube shi har hula, jama'a na ta shewa suna ɗaukarsa a waya. Dattijo da furfurarsa. Ya gyara hularsa ya koma ƙarshen layi.

Abin da ke ci mini rai, mutanen nan su ne dai masu cika mini gidan kallo da ƙorafin cewa 'yan wasanmu ba su iya ba, a je a ga na waje. Ga wanda ya iya Allah ya ba ku a ƙofar gida, kun mai da shi ɓarawo. Haba jama'a!

Duk da haka bai bari ba. Ya ci gaba da karɓar fitowar da kowa ke gudu, yana koya wa matasa yadda ake faɗuwa da yadda tsoro ke kama murya, har zuwa damanar bana, da aka yi wa babban ɗansa Ayuba haihuwar ɗa namiji, jikansa na fari. Ana gobe suna Ayuba ya same shi a rumfa, ya durƙusa ya ce, "Baba, sunanka za ni sa mai."

Ayuba da bakinsa ya gaya mini, yana magana yana share ido. Ya ce tsohon ya daɗe yana juya sufana a hannu, sannan ya ce, "A'a. Allah shi yi maka albarka, amma kak ka yi. Tun bai yi wayo ba za su ce mai ƙaramin Kwanta. Ni na ɗauka da hankalina, shi mi ya yi musu? Nemo mai suna mai tsabta."

Da safe liman ya raɗa wa yaro Imran. Malam Ya'ƙub ya shafa fatiha tare da kowa, ya raba goro, ya aika wa Waliyyu cewa ya ajiye wasa.

Malam Ya'ƙub, kai ne ka ɗauki baƙin jini don 'ya'yan wasu su tsani fashi. Kai ne ka kwanta cikin laka da girmanka, alhali ko allurar wani ba a taɓa nema a hannunka an rasa ba. Dutsen fashin tama, an fasa a kanka an wuce. Mun gode. Allah ya saka maka, tunda mutane sun gaza.

Ku kuma matasa masu kyamara, in za ku yi, ku yi irin nasa, ku yi da gaske, ko da yake ba zan ruɗe ku ba, kun ga ladan da garin nan ke biya. Sauran jama'a, abu ɗaya nake roƙo. In kun bi ta rumfar nan gobe, ku tsaya ku yi sallama, ku kira shi Ya'ƙub. Sunan da ubansa ya yanka masa rago ke nan, kuma yanzu shi kaɗai ya rage mai amsa shi a gidan.