Tauraro Mai Tumbatsa da Kunyar 'Yar Fari

A unguwarmu a Anka babu wanda bai san bakina ba. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gaban goshina, kuma tun makon farko na yi faɗa da malamar don ta ce tsofaffi su zauna baya. Mutum ɗaya ce a duniya ban taɓa iya kallon idonta in yi mata magana ba, ita ce 'yar da na fara haifa.

Haka muka taso. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, in ya kira ta a gaban mutane ba ta amsawa. Da aka yaye yarinyar, mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Gummi, ta tashi cikin ƙannena. Abin da ta ji suna faɗa shi ta kama: mahaifiyata ce Inna, ni kuma Yaya. Can ta yi makaranta har ta zama malamar kimiyya a sakandare, can ta yi aure. Ni labarinta kawai nake ji, in yi kamar hankalina yana wani wuri.

Inna ta rasu kafin yarinyar ta yi haihuwar fari, don haka wurina aka kawo ta jego. Tiyata aka yi mata aka ciro ɗa namiji. Likita ya hana wankan ganye, ya hana ɗaukar nauyi, ya hana hawa duk wani abu. Mijinta ya sauke ta da kaya da wani dogon akwati, ya juya tun rana na sama saboda halin da hanya ke ciki. Gidan ya rage daga ni sai ita sai jinjiri.

Jinjirin ne ya cece mu. Jika ai miji ne, ana faɗa masa komai.

"Kai maigida," in ce, "hwaɗa ma uwarka kunun kanwa na hucewa."

"Ka ce ma Yaya na ji," in ji ta, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ta bakin maigidan na ji abin da ke cikin akwatin. Madubin hangen nesa ne, da kyamara, da wani ɗan gilashi mai siraran zane da ido ba ya gani. In hasken tauraro ya ratsa gilashin sai ya baje ya zama zare mai launuka kamar bakan gizo. A jikin zaren akwai ƙulle-ƙulle masu haske, su ke nuna irin iskar da ke ci a tauraron. Ita tauraro ɗaya take bi shekara da shekaru. A ido ɗigo ɗaya ne, amma su biyu ne suna zagaya juna: wani tsoho ja da ya kumbura yana zubar da iska, da wani ƙarami fari mai zafin tsiya da ke zuƙe abin da tsohon ya zubar. Sai a yi shekaru shiru, rana ɗaya ƙaramin ya ƙoshi ya yi sama da haske. Ni da na ji, na ce wa maigida ai wannan tukunyar kunu ce da aka cika wa wuta, dole ta tumbatsa.

Ba aikin gwamnati ba ne, ba a biyan kowa. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata, kowa da madubinsa a bayan gida, suna gadin tauraron suna tura wa masana abin da suka ɗauka. Tun da ta shiga cikinsu bai taɓa tumbatsa ba.

Sai da ta kwanta a ɗakina da ɗinki a ciki ya ga dama. Wata la'asar a ƙarshen damina wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta tashi zaune da saurin da ya sa ta dafe mara. An ga tauraron ya fara haske, kuma abokan gadinta na ƙasashen arewacin duniya duk hadari ya rufe su. Ta gaya wa maigida cewa a farkon tumbatsa ƙulle-ƙullen suna sauyawa daga maraice zuwa maraice, wanda ya ɓace ba ya dawowa.

Daga tsakar gida ba a ganin wajen da tauraron yake, katanga da darbejiyar maƙwabta sun tare. Sai dai kan soro. Ta kalli tsani, ta kalli jinjiri.

"Hwaɗa mata ni za ni hau," na ce wa maigida.

Kafin magariba na hau da kayan ɗaya bayan ɗaya. Tun a ƙasa ta riga ta nuna wa jinjirin makunnan da ake murɗawa, ni ina tsaye a gefe ina kallon hannunta. Doguwar waya ta sauko daga kyamara zuwa kwamfutarta a ƙofar ɗaki. Aikina in sa ido a wani ƙaramin madubi da ke gefen babban, in bi taurari ɗaya bayan ɗaya har in kai wurin. Ita ba ta ganin abin da nake gani sai na isa. Ko kaɗan ban yi tunanin abin da wannan ke nufi ba.

Bayan sallah na hau. A soron da ke manne da namu maƙwabciyata ce zaune tana tattara shanyar kuɓewa, mace mai kunne kamar na zomo.

"Yaya!" Muryar yarinyar ta taso daga ƙasa, tsaf, duk unguwa na ji. "Kin ga wasu taurari ukku kamar duwatsun murhu?"

Na gan su. Suna nan a gabana fes. Na buɗe baki, na ji idon maƙwabciyata a ƙeyata, sai na yi tari.

"Yaya, kin gani ko ba ki gani ba?"

Na sake yin tari. Maigida yana ƙasa yana barci, ba wanda zan aika.

Sai ta ci gaba da lalube. Ta ce in yi dama kaɗan. A cikin ƙaramin madubin komai a juye yake, in ka yi dama taurari su gudu wani wajen. Tambaya ɗaya ce a bakina, damata ko damar madubi, kuma ban iya fitar da ita ba. Na murɗa, murhun ya ɓace. Na murɗa baya, na faɗa cikin wasu taurari da ban sani ba. Tana ta kira, ina ta gumi, har wajen ya gangara bayan darbejiya. Sama kuwa garau take ranar, ko ɗigon gajimare babu.

Da na sauko ta ce wa jinjirin, "Ka ce ma Yaya sannu da aiki." Ta juya bango. Na ga ta ja gefen zanin goyo ta goge fuska.

Daga nan ruwa ya dawo. Kullum maraice sai hadari ya haɗu ta gabas. Wata azahar na fito daga madafa na same ta a gindin tsani, ƙafa ɗaya a kan matakin farko, hannu ɗaya a kan ɗinkin, tana gwadawa. Raina ya tashi. Na shiga ɗaki na ɗauko jinjirin na ɗaga shi a gabanta.

"Hwaɗa ma uwarka in ta sake taɓa tsanin ga, sai na sa gatari na hwaskare shi!"

Ba ta kalli yaron ba. Ni ta kalla.

"To wa zai hau, Yaya? Kin hau, ba ki magana."

Tun da na haife ta ba ta taɓa yi mini magana haka ido cikin ido ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Na miƙa mata ɗanta na koma madafa, na zauna ina hura wutar da take ci da kanta.

Ranar da sama ta washe na hau. Maƙwabciyata tana nan, wannan karon har da ƙanwar mijinta, don labari ya riga ya zagaya cewa na fara duba.

"Yaya, kin ga murhun?"

Na tuna ƙafar nan a kan tsani.

"Na gani."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ji muryata ta dawo daga katangar masallaci.

"La'ilaha!" in ji maƙwabciyata. "Boko ya gama aikinai. Yau ga uwa bisa soro tana amsa kiran ɗiyar hwari!"

"Gobe sai ki kira sunanta mu ji daɗinai," in ji ɗayar.

Ni da ba a taɓa jefa mini magana ta faɗi ƙasa ba, ranar sai na juya musu baya. Kunnuwana suka yi zafi. Na manna ido a madubi don kada in ga kowa.

"Daga dutsen ƙasa ki yi dama."

"Damata ko tashi?"

Na ji ta yi wata 'yar dariya. "Tashi, ta madubin, Yaya. Sannu-sannu. Mi kika gani?"

"Wasu biyu manne da juna."

"Wuce su. Akwai wani ja-ja?"

"Akwai. Ya hi na kusa da shi haske."

"Shi ne! Sa shi tsakiya. Tsaya! Yanzu murɗa ƙaramin makunni, kaɗan. Ya yi yawa, koma. Nan! Ɗauke hannunki, kar ki taɓa komi."

Na tsaya da hannuwa a sama kamar wadda aka kama da sata. Matan nan suna ta kwaikwayona, "Damata ko tashi?", suna shewa. Duk bayan ɗan lokaci tauraron ya zame, ta kira, in amsa, in mayar da shi. Ban ƙirga sau nawa na amsa ba. Kowane ɗaya sai na ji kamar an yaye mini zani a kasuwa.

Da na sauko ta juyo mini da kwamfutar. Zare ne siriri, shuɗi a wannan kai, ja a wancan, kuma a cikin jan akwai ƙulli ɗaya mai haske kamar garwashi. Ta ce wannan iskar haidirojin ce. Ta nuna wani wuri a cikin shuɗin ta ce a da akwai ƙulli a nan, yanzu babu, kuma ɓacewarsa ita ce labarin. Nan take ta tura wa masana.

Muka ci gaba duk maraicen da sama ta yarda, har ta yi arba'in. Duk gidan sunan da na je a unguwa mata suka rinƙa tarbata da "Na gani!" Wata tsohuwa da nake girmamawa ta ja ni gefe ta ce ba ta zaci haka daga gare ni ba. Na sunkuyar da kai, don a wajena ma gaskiya ta faɗa.

Ana gobe za ta koma Gummi ta nuna mini wani zane da mutanen nata suka haɗa, ɗigo-ɗigo a jere, kowane ɗigo maraicen da wani ya ɗauki tauraron. Ta nuna namu. Na bi layin da yatsa zuwa farkonsa, inda ya fara hawa, na tarar da wani gurbi babu ɗigo ko ɗaya. Kafin gurbin ƙullin shuɗin yana nan, bayansa babu, kuma ba wanda ya ga yadda ya tafi.

"Wanga ramin," na ce, "na ranar da na hwara hawa ne?"

Ta gyara wa yaron hula.

"Gajimare ne, Yaya. Ko'ina an yi gajimare ranar."

Na tashi na je na ɗora mata ruwan wanka.